Camamar Rumawa da Camamar Mu

Mai karatu, ko ka san a ƙasar nan akwai inda mutum zai share shekaru ya na nazarin wasan barkwancin da aka yi sama da shekara 2,000 da su ka wuce, daga ƙarshe a yafa masa alkyabba a ce ya zama dakta? A Jami'ar Ibadan ne, sashen nazarin adabin Girkawa da Rumawan da, wanda ya ke nan tun kafa makarantar a 1948. Latin su ke karantawa, harshen da yau babu uwar da ke rarrashin ɗan ta da shi.

Ni dai fassara na karanta, kuma abin da na tarar a ciki ya ba ni dariya, domin camama ce tsagwaron ta. Ɗauki Plautus, wanda ya mutu shekara 184 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya na da wasan wani soja cika-baki, mai kurin ya kashe dubbai, amma a ƙarshe masu aikin gida su ka kama shi su ka lakaɗa masa duka. Ya na da na wani tsoho marowaci da ya tsinci tukunyar zinari, ya hana idon sa barci, kowa ya gaishe shi sai ya ce ɓarawo ne. Don Allah wanne ne a ciki Ibro ba zai iya fitowa ba? Kuma ba a fada ake yin wasannin ba, a dandali ne ranar biki, 'yan kallo na hayaniya. Terence, wanda ya biyo bayan sa, ɗan Afrika ne ma, haifaffen Kartaj da ke Tunisiya ta yanzu, aka kai shi Rum a matsayin bawa. Wasanni 6 ya bari, kuma da kan sa ya yi ƙorafin cewa an taɓa watse masa ana tsakiyar wasa saboda jama'a sun ji labarin 'yan dambe da mai tafiya kan igiya.

Sai masu zambo. Horace habaici ya ke yi, ya na murmushi ya na tsikarin ka. Juvenal kuwa da fushi ya ke nasa. A waƙar sa ta uku cikin 16, kukan birnin Rum ya yi: tsadar haya, gidaje na rushewa, ƙarar amalanke ta hana barci, talaka na shan turmutsutsu mai kuɗi na wucewa a ɗauke bisa kafaɗun bayi. Ni da ke haya a Gyaɗi-Gyaɗi, tirela na girgiza min taga daga titin Zariya har asuba, wallahi ban buƙaci wani farfesa ya yi min sharhi ba. Amma lura da wayon sa: tun a waƙar farko ya ce matattu zai riƙa taɓawa. Ya san wuyan sa ba na ƙarfe ba ne. Mu ma nan a 2008 kotun tafi-da-gidan-ka ta ɗaure Rabilu Musa wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko.

To ga inda gizo ke saƙar. A zamanin da, wasanni kusan 130 ake jingina wa Plautus. Wani masani mai suna Varro ya zauna ya tace, ya ware 21 da ba a tababa a kan su, kuma su ne su ka iso gare mu, 20 kusan cikakku, ɗaya guntaye. Mutane su ka yi ta kwafa da hannu, ƙarni bayan ƙarni. Mai neman digiri a Ibadan ya na da abin da zai buɗe ya ɗora yatsa a kai.

Mu fa? Kar ka ce malaman mu sun yi barci. Tun 2003 su Farfesa Abdalla Uba Adamu su ka shirya babban taro a Kano kan finafinan Hausa, aka buga takardun a littafi a 2004, kuma ana ta rubuta kundaye a Jami'ar Bayero. Matsalar ita ce kayan aikin. Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu sun tsira saboda an buga su a takarda. Malam Aminu Kano, wanda babban asibitin unguwar mu ke ɗauke da sunan sa, ya rubuta wasannin zambo tun ya na matashi. Shiga kantin littattafai ka tambaya ka ji amsar da za a ba ka. Tashe kuwa da wasan 'yan kama, da ma a iska ake yin su.

Akwai wani ƙanen abokina a Tarauni da ke digiri na biyu kan barkwanci a fim. Tsofaffin finafinan Ibro ya ke nema, na zamanin kaset. Ibro ya rasu a Disambar 2014, jiya-jiyan nan ke nan, amma yaron nan ya sha yawo kamar mai neman ƙwan zabuwa a daji. Shagunan hayar kaset da mu ka sani duk sun koma cajin waya da POS. Ya hau benayen Zoo Road, wani furodusa ya ce masa masta ɗin na wajen ɗan kasuwar da ya sayi fim ɗin, ɗan kasuwar ya ce ruwa ya shiga sito tun tuni. Na YouTube kuma an datse kai an datse gindi, babu shekara, babu sunan darakta, wani ma an sauya masa suna don a samu 'yan kallo.

A ƙarshe wata dattijuwa a layin su ta ba shi kwali guda na kaset da ta ajiye a ƙarƙashin gado. Ya ƙirga 34. Yanzu bidiyon da zai kunna su ya ke cigiya, domin mai gyaran da ya sani a Court Road ya ce rabon da a kawo masa irin ta har ya manta.