Intanet ɗin gida a Funtua, kuɗinsa daga Kumasi

Duk wanda ya bar iyali a gida ya tsallaka iyaka neman halali ya san cewa yanzu akwai wani nauyi da iyayenmu fatake ba su sani ba. Bayan abinci da kuɗin makaranta da na magani, sai data. Ni a Kumasi nake sayar da yadi, iyalina kuma suna Funtua a Jihar Katsina: mahaifiyata, uwargida da yara biyar. Na daɗe ina tura wa kowa kuɗin data a wayarsa, har na zauna na haɗa lissafi, na ga waya huɗu kowace da nata kuɗin ya fi a sa intanet guda a gida, kowa ya sha daga rijiya ɗaya.

Tambayar da na fara yi wa abokai ita ce, wane kamfani ya fi? Kowa ya faɗi nasa. Na Kano ya ce wannan, na Zariya ya ce wancan. Daga nan na fahimci cewa tambayar ba ta da amsa ɗaya. Sabis ba jiha yake bi ba, ba ma gari ba. Nisan gidanka da turken sadarwa yake bi, da yawan mutanen da ke kan turken, da kaurin bangonka. Sai ka ga layin da ke gudu a bakin kasuwa, a ɗakin tsohuwa ko gaisuwar murya ba ya iya turawa.

Saboda haka na ce da babban ɗana ya aro layukan MTN, Airtel, Glo da 9mobile daga abokansa, ya gwada kowanne a cikin gidan na tsawon mako guda. Na ce kada ya gwada da hantsi lokacin da kowa ke wurin aiki. Ya bari sai bayan sallar isha'i, sa'ad da duk unguwa ta hau waya. Ghana tana bayan Najeriya da awa ɗaya, to idan na rufe shago na ci abinci wajen ƙarfe takwas a nan, a can tara ta yi, daidai lokacin cunkoso. Kuma gwajin da na yarda da shi shi ne kiran bidiyo, domin kallon bidiyo saukewa ne kawai, amma kira sai layi ya iya tura hoto waje. Biyu daga cikin huɗun suka riƙe kira ba yankewa. Sauran biyun a wani gidan wataƙila su ne gwanaye, a namu dai ba su yi ba.

Wasu sun ba ni shawarar in sayi rauta ta 5G tunda ita ake yayi. Gaskiya ne MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, amma a manyan birane irin su Legas, Abuja da Kano ta fara. Idan sabis ɗin bai iso unguwarka ba, na'urar 4G za ta kama, ka biya kuɗin doki ka hau jaki. Na sayi rauta ta 4G wadda ba a kulle ta a kan kamfani ɗaya ba. Ta ɗan fi tsada, sai dai ran da layi ɗaya ya yi rauni ana zare shi a sa ɗayan. Aka ɗora ta sama kusa da taga, ta ɓangaren da turken yake.

Sai maganar Starlink, mai aiki da tauraron ɗan adam, wadda ta shigo Najeriya a farkon 2023. Na daɗe ina juya ta a raina, kuma da dalili. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua. Waɗannan watanni, wallahi ba na fatan su ga kowane baƙo. Sai wani ya hau mota ya fita inda sabis yake kafin in ji lafiyar mahaifiyata. To ga abin da bai dogara da turke ba, dole ya ja hankali. Amma da na yi lissafi, kuɗin na'urar da na kowane wata sun fi ƙarfin gida ɗaya irin namu, kuma tana jan wuta sosai, sai da sola da batir mai ƙarfi. Wanda ke da babban gida, ko 'yan'uwa uku huɗu da za su haɗa kuɗi a gida guda, zai iya dubawa. Ni dai na tsaya inda hannuna ya kai.

Wutar ma abin lura ce ko da ƙaramar rauta. Idan aka ɗauke wuta ta mutu, duk kuɗin da ka biya na wannan daren ya tafi. Sa'ar da aka yi ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin batir da faifan sola ɗaya sun riƙe ta dare da rana.

Akwai kalmar da nake so 'yan'uwa su kula da ita, wato tsarin da ake cewa ba shi da iyaka. Yawanci yana da ita. Idan aka sha wani adadi, ba a yanke layin ba, amma ana rage masa gudu har wata ya ƙare. Ka sa a tambayi adadin kafin a biya. Kuma kada ka ɗauka farashin yau shi ne na gobe: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Mu da muke canza sidi zuwa naira, sai mu bar ɗan sarari a lissafi.

Rajistar layin da sunan uwargida aka yi, da lambarta ta NIN. Dalili kuwa, idan layi ya samu matsala, mai sunan ake nema ya je ofis da kansa. Ina ni ina barin shago in tsallaka Togo da Benin saboda layin waya?

Abin da ya fi duk wannan wuya ba na na'ura ba ne. Lambar sirri ce. Idan ta fita, kafin sati biyu samarin layi sun jeru a dakalin ƙofar gida, data ta ƙare a tsakiyar wata. Kuma ba ka cewa maƙwabci a'a kai tsaye, ballantana wanda shi ke kai mahaifiyarka asibiti idan ba ka nan. Shawarar da muka yanke ita ce, lambar tana hannun uwargida, ita ke sa wa mutum a wayarsa da hannunta, kuma ana canza ta duk farkon wata. Mai buƙata ta gaskiya, kamar ɗalibin da zai cike takarda, ya shigo zaure ya yi abinsa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana kashe rautar, domin yara su yi barci.

'Yata da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda a kwamfuta ake rubuta ta, yanzu tana atisaye a gida ba sai ta je shagon intanet ba. Ni ma ina jin haddar ƙaramin ranar Alhamis da Juma'a, in gyara masa inda ya karkace.

Idan za ka sa wa naka gidan, a Katsina ne ko Sakkwato ko Maraɗi, fara da aron layi a gwada da dare a ɗakin da za a yi amfani da shi. Bayan nan ka yi maganar wuta, sannan sunan da za a yi rajista da shi. Allah ya tsare mana iyali, ya ba mu kasuwa mai albarka.