Gidan Pitman a Birnin Bath

A hutun da ya wuce Allah ya nufe ni da ziyartar yayana da ke karatu a Bath, wani gari a ƙasar Ingila. Kafin in tashi kakana ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, ka nemo mini gidan Pitman." Shi tsohon akawu ne, da gajeren rubutun da Isaac Pitman ya fito da shi a 1837 ya ci abinci shekara da shekaru, har ya aurar da 'ya'yansa.

Garin ya yi suna ne saboda ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Rumawa sun gina wuraren wanka a kansa kusan shekara 2,000 da suka wuce, daga baya masu hali suka riƙa zuwa neman lafiya. Don su aka gina layin Royal Crescent daga 1767 zuwa 1774, gida 30 a jere, sun lanƙwasa kamar jinjirin wata. Magininsa John Wood ƙarami fuskar kawai ya tsara. Kowane mai saye shi ya gina nasa a baya yadda ya ga dama. Da muka zaga ta baya sai da na yi dariya: wannan dogo, wancan gajere, kamar ba layi ɗaya ba.

Gida na 1 ya zama gidan tarihi, na 16 kuma otal. Daga na 11 ne wata mawaƙiya, Elizabeth Linley, ta gudu da saurayinta Sheridan a 1772.

Na 17 shi ne nawa. Ga sunan Pitman a jikin bango, a garin nan kuma ya rasu a 1897. Ina cikin murna sai yayana ya gaya mini bama-baman Jamus sun ƙone cikin gidan a 1942, gyara shi aka yi daga baya. Jikina ya yi sanyi, domin ɗakin da ya zauna na so gani.

Da na dawo na ba kakana hoton, na daɗe ina shawarar ko in ɓoye masa zancen wutar. Ƙarshe dai na faɗa. Ya dubi hoton, ya ce, "To, bangon ai nasa ne." Sa'an nan ya ɗauki fensir ya rubuta sunana a bayan hoton da rubutun Pitman. Har yau ban iya karanta shi ba.