Shagon fenti a mararrabar Suame

In ka ce wa mutanenmu na Zangon Kumasi za ka je Suame, sai su tambaye ka me ya sami motarka. Ba laifinsu ba ne, can Magazin take, unguwar dubban kanikawa da maƙera da masu walda. Amma ni shagon fenti ne ya kai ni, wato Almighty God Art Works na Kwame Akoto, wanda aka haifa a Kumasi a 1950.

Tun daga bakin titi za ka gane shi. Alluna ne birjik a jikin bango, wani kan wani: fuskokin sarakuna da shugabanni, gargaɗi ga masu shan taba, da wa'azi irin nasa na Kirista. A ciki yaran shago suna ta aiki, wannan yana shafa farin fenti, wancan yana fitar da haruffa, har lokacin da maigida zai zo ya gyara ido da baki. Na daɗe a tsaye ina kallon yadda suke sa fatar mutum ta yi sheƙi da fentin mai. Wallahi akwai hannu a wurin nan.

Wannan hannun ne ya jawo Hervé Di Rosa daga Faransa a 1993. Shi mutum ne mai nasa halittun na zane, masu ido ɗaya da ƙaton baki, waɗanda daga baya aka yi musu katun a talabijin da sunan Les Renés. Da ya ga dama, da ya aiko da takarda ya ce a kwafa. Sai ya zo da kansa ya zauna cikin shagon, ya koyi yadda masu rubuta allon aski da na kanti suke sarrafa fenti a kan katako, aka yi aikin tare.

Mai zane ya sakar wa wani hannu abin da ya ƙirƙira, tamkar ba da ɗa riƙo ne: zai dawo maka da tarbiyyar wani gida, kuma sai ka yarda da hakan tun farko. Japanawa sun mayar da wannan sana'a. A littattafan labarin zane (manga) na Dragon Ball Super, da suka fara fita a 2015, Akira Toriyama ne ya riƙa tsara ginshiƙin labari har zuwa 2024, Toyotarou ya zana, Toriyama kuma ya duba ya yi gyara, sunayensu biyu a bango.

Batun sunan nan ya fi komai taɓa ni. Sau nawa muka sayi littafin soyayya a Kano saboda zanen bangonsa, ba mu taɓa tambayar wanda ya zana ba? A Suame kuwa, allo ba ya barin shago sai da sunan gidan da ya yi shi a rubuce a ƙasa, yadda mai wucewa zai karanta ya san inda zai kawo nasa aikin.