Na Ga Maciji Mai Kan Alade a Ƙasar Sin

Jama'a, ku matso ku ji abin da idona ya gane mini! Kan alade, jikin maciji, shekara wajen 5,000 a duniya, kuma duka-duka bai wuce ya cika tafin hannu ba. A gidan adana kayan tarihi na lardin Liaoning da ke birnin Shenyang, can arewa maso gabashin ƙasar Sin, na yi kiciɓis da shi. Ina cikin wucewa ta gaban wani akwatin gilashi sai na ga wasu idanu dara-dara sun kafe ni. Nan take na ci burki, na dawo da baya.

Bari in siffanta maka shi, mai karatu. Kunnuwa biyu manya a tsaye cirko-cirko, sai ka ce ya ji motsi. Idanu zagayayyu, hanci a tattare da layi-layi, baki a turo gaba. A wasu irinsa har da alamar haure. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa babu ƙafa, babu fiffike, babu ƙaho. Jiki ne sumul, kakkaura, ya naɗe ya yi gammo har wutsiya ta zagayo ta iske baki, 'yar tsaga kawai ta raba su. A bayan wuya akwai ƙaramar huda ta zura igiya. An yi shi da jed, dutsen nan mai sheƙi da Sinawa suka daɗe suna fifitawa a kan zinariya. Sunansa a wurinsu Zhulong, dodo mai kan alade.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne matsayinsa. Ka san dodon Lung, wanda ake zanawa a rigunan sarakunan Sin da farata biyar, wanda ake rawa da siffarsa a tituna lokacin bikin sabuwar shekara? To, masana da yawa na ƙasar suna lissafa wannan ɗan mitsitsin abu cikin kakanninsa na farko. Ni da na tashi a inda ko sunan alade aka ambata sai an yamutsa fuska, na tsaya ina tambayar kaina: me mutanen nan suka gani a jikin alade har suka ɗora kansa a kan halittar da suka fi girmamawa?

Tambayar ce ta hana ni sakat, ta jefa ni jirgin ƙasa zuwa Niuheliang, wasu tuddai da ke tsakanin Lingyuan da Jianping a yankin Chaoyang. Nan ce cibiyar ibadar mutanen Hongshan, waɗanda suka rayu daga wajen shekara ta 4700 zuwa 2900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a ƙasar da yau ta haɗa yammacin Liaoning da kudu maso gabashin Mongoliya ta Gida. An gano wurin a 1981, aka fara haƙa a 1983. Abin da aka tono ya girgiza masana: dakalan duwatsu masu zagaye, kaburbura da aka tula wa duwatsu, da wani ɗakin bauta rabinsa a cikin ƙasa, inda aka sami kan mace na yumɓu daidai girman kan mutum, an dasa masa idanu na koren dutse. Na tsaya a ƙarƙashin ƙatuwar rumfar ƙarfen da aka lulluɓe kaburburan da ita, ina leƙen ramukan, tsikar jikina na tashi.

A nan ne, a 1984, aka buɗe kabarin wani namiji aka tarar da dodannin nan guda biyu kwance a ƙirjinsa, ɗaya kore ɗaya fari-fari, sun juya wa juna baya. Babban bai wuce santimita 10 da 'yan kai ba. Manyan kaburburan wurin kusan ba a sa musu komai sai kayan jed. Tun da mutanen Hongshan ba su bar rubutu ba, daga irin wannan kwanciya ake karanta halin dodon. Mazauninsa ƙirjin manya ne, masu shiga tsakanin jama'a da abin da suke bauta wa. Suna raye yana rataye a jikinsu, sun mutu ya bi su kabari. Talaka bai isa ya ɗaura shi ba.

To, ina ikonsa? Ruwa! Mutanen nan manoman gero ne a ƙasa mai ƙarancin damina, suna haɗawa da farauta da kiwo. Lung na Sinawa, tun da aka san shi, shi ne mai tara hadari, mai zama a ƙarƙashin kogi, mai tashi sama da bazara ya sako ruwa. Shi kuma alade, a tsohon lissafinsu na dabbobi goma sha biyu, ɓangaren ruwa aka ajiye shi. Ga shi da yawan haihuwa, ga kitse, ga namijin daji mai haure da ba ya ja da baya. Shi ya sa masana da yawa suke ganin manomin Hongshan ya ɗauki dukiyar gidansa ya haɗa da macijin da ke ɓuya lokacin sanyi ya fito da zuwan ruwa, ya ƙera halitta guda wadda za ta kai kukansa sama. Nan na sami amsar tambayata. Wanda abincinsa ke rataye a wuyan damina, abin da ya fi daraja a garkensa zai miƙa.

Kuma haɗin ya girmi Hongshan nesa ba kusa ba. A Xinglongwa, wani ƙauye na wajen shekara 8,000 da suka wuce, an sami mutum an binne shi tare da aladu biyu cur, mace da namiji. A Xiaoshan, cikin gundumar Aohan, an tono wata tukunya da ta haura shekara 6,000, an zana mata alade mai haure da jiki a murɗe irin na maciji, tare da barewa da tsuntsu, suna bin juna a kewayen tukunyar. Ashe tun kafin a goge shi a dutse yana yawo a kawunan mutane.

Na ce gogewa, don jed ba ya sassaƙuwa da wuƙa, su kuma ko ƙarfe ba su da shi. Da yashi da ruwa da igiya da haƙuri suke cin dutsen kaɗan-kaɗan, su huda shi, su goge har ya yi santsi. Dubi layukan hancin nan, ka tuna da yashi aka fitar da su. Wallahi sai ka riƙe baki!

Ba kowa ne ya yarda alade ba ne, kuma gardamar da daɗin ji. Guo Dashun, ɗaya daga cikin jagororin haƙar Niuheliang, da farko alade ya ce, daga baya ya karkata ga dabbar beya, saboda tsayayyun kunnuwan da zagayayyun idanun, da kuma muƙamuƙin beya da aka samu a wurin. Wasu sun ce ai tsutsa ce a naɗe, wasu suka ce ɗan tayi ne a ciki. Na sake duban hancin nan mai tattara, ni dai alade nake gani.

Dodon bai mutu da masu shi ba. An sami naɗaɗɗun dodannin jed masu kama da shi a kabarin Fu Hao, matar sarki kuma jarumar yaƙi ta daular Shang, wanda aka tono a Anyang a 1976. A zamanin daular Tang kuma akwai hikayar da ke cewa wani dare janar An Lushan ya bugu ya yi barci, sai ya rikiɗe ya zama rabi alade rabi dodo. Aka garzaya aka gaya wa sarki Xuanzong, ya ce a rabu da shi, dodon alade ne, ba abin da zai iya. A shekarar 755 An Lushan ya yi tawayen da ya kori sarkin daga babban birninsa. Raina kama ka ga gayya!

Har gobe ƙasa ba ta gama amayar da dodannin jed ɗin nan ba. A 1971 wani manomi a ƙauyen Sanxingtala ya tono ɗan'uwan dodon nan, dogo siriri mai tsawon santimita 26 da geza a wuya, ya ɗauka tsohon ƙarfe ne, har yaro ya ɗaura masa igiya yana jan sa a ƙasa. Yau yana babban gidan tarihi na ƙasa a Beijing. A 2024 kuma aka tono wani a Yuanbaoshan, cikin Aohan, mai tsawon santimita 15.8, mafi girma da masu haƙa suka taɓa fitarwa daga kabarin Hongshan.

Saboda haka 'yan'uwana masu zuwa Sin saro kaya ko karatu, ku ware yini guda ku shiga gidan tarihi ku gan shi da idonku, gani ya kori ji. Amma in wani ya tare ku a kasuwa da dodo mai kan alade yana rantsuwa cewa shekararsa 5,000, ku riƙe kuɗinku. Jabunsa sun cika kasuwanni, na gaskiyar kuwa doka ta hana fita da shi daga ƙasar.