Kwamfuta Ma Tana Faɗin Inda Ke Mata Ciwo

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a kwamfuta ya san wannan takaicin: ka yanke mai tsaron baya, saura kai da gola, sai hoton ya ƙame. Ka danna nan, ka danna can, shiru. Wani lokaci kuma wasan na tafiya lafiya, sai ka ji wata irin ƙara daga cikin akwatin kamar an kunna injin niƙa. A nan ne wasu ke kai mata duka a gefe, wasu su zare waya daga soket, wasu kuma su yanke hukuncin cewa ta mutu. Mu dai a Batsari mun koyi cewa kafin kwamfuta ta mutu takan daɗe tana kuka, sai dai a rasa mai saurare.

Mu bakwai ne 'yan aji ɗaya muka haɗa kuɗin ƙwadagon damina, aka sayo mana kwamfutar tebur ta hannu daga Kano. Muka ajiye ta a shagon cajin waya na yayan ɗayanmu, saboda yana da janareta. Da yamma PES muke bugawa, ranar Asabar da safe kuma mu zauna kan tsofaffin tambayoyin JAMB, tunda daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa riƙe linzaminta ba. Saboda haka in ta tsaya, karatunmu ma ya tsaya.

Kai ta wurin mai gyara a Katsina yana nufin kuɗin mota zuwa da dawowa, ga kuɗin aiki, ga fargabar hanya da duk mutumin yankinmu ya sani. A watan Satumba na 2021 kuma aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, ba a buɗe ba sai a Disamba. A cikin waɗannan watanni ne tamu ta fara ƙamewa. Babu intanet balle mu duba YouTube. Sai muka je wurin malaminmu na fiziks.

"Malam, kwamfutarmu ce take ƙamewa."

"Yaushe take ƙamewa? Da kunnawa, ko sai ta jima? Wace ƙara take yi?"

Muka kalli juna. Ya ce, "Ku koma ku samo littafi. Duk lokacin da ta ƙame ku rubuta ƙarfe nawa ne, me kuke yi, me kuka ji. Kuma in za ku gyara, abu ɗaya za ku taɓa, ku gwada, sannan ku taɓa na gaba." Wannan shawara ita ce jarinmu har yau, domin wanda ya canza abu biyar a lokaci ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ba.

Bari mu fara da ƙara. A cikin akwatin kwamfuta abubuwan da ke juyawa iri biyu ne: fankoki da rumbun ajiya, wato had-diski. In kun ji tar-tar-tar kamar kwalin da yara ke maƙalawa a ƙafar keke, yawanci wata waya ce ta saki tana taɓa fiffiken fanka. A ɗaure ta gefe, shi ke nan. In gurnani ne da ke tashi da kunnawa ya lafa bayan 'yan mintuna, cikin fankar ne ya cinye, sai a canza ta tun ba ta tsaya ba. Siririyar ƙara mai kama da kukan sauro a lokacin wasa takan fito daga katin hoto idan yana jan wuta da yawa, kuma galibi ba ta da illa.

Ƙarar da ta fi ba mu tsoro ita ce ƙas, ƙas, ƙas a jere daga rumbun ajiya. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke karatu a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba. In hannun ya kasa gano wurin da yake nema sai ya riƙa komawa baya yana sake gwadawa, shi ne ƙarar da ake ji. Wannan ba ya gyaruwa a shago. Abin yi kawai shi ne a kwashe muhimman abubuwa zuwa filash nan take. Shi ya sa ma dukan kwamfuta tana aiki yake da haɗari. Sabon nau'in rumbu da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, don haka ba ya wannan kukan.

Akwai kuma ƙarar fit-fit da take yi da kunnawa. A kwamfutoci da yawa guda ɗaya gajeriya na nufin lafiya lau. In ta yi ta maimaitawa kuma sikirin bai kawo komai ba, a fara duba RAM: a zare shi, a goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, a mayar har sai maƙallan gefe biyu sun kama.

Ita kuwa ƙamewa, lokacin da take faruwa shi ke tona asirinta. Littafinmu ya nuna ba ta taɓa ƙamewa muna tambayoyin JAMB ba, sai mun yi kamar rabin awa muna ƙwallo, kuma kafin nan fanka kan yi ta ihu. Wasa yana sa furosesa da katin hoto aiki tuƙuru, su ɗauki zafi. In zafin furosesa ya doshi digiri 100 takan rage gudu da kanta, ko ta kashe kwamfutar don kada ta ƙone. To a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, abin ba ya da wuya. Da muka buɗe murfin gefe, mun tarar ƙura ta toshe tsakanin ƙarafan da ke shanye zafin furosesa, ta yi kauri kamar bargo.

Ga yadda muka share ta. Muka zare wayar wuta, muka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita, kowa ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya sa hannu, saboda ɗan tartsatsin da jiki ke tarawa a lokacin hunturu na iya kashe RAM. Muka fitar da ita waje, muka bi ta da busasshen buroshin fenti da bulowa, ɗaya na riƙe da fanka kada iska ta juya ta fiye da kima. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe ya zama kamar alli; direban da ke zuwa Katsina ya sayo mana sabo, muka ɗiga kwatankwacin ƙwayar masara. Daga nan muka ɗauke ta daga ƙasa muka ɗora kan benci, nesa da bango. Ƙamewar rabin awa ta tafi.

Bayan makonni sai wata ta ɓullo, ita kuma ba ruwanta da wasa. Littafi ya sake taimako: duk lokacin da aka jona wani abu mai jan wuta muryar janareta ta sauya, sai kwamfutar ta ƙame ko ta mutu ta tashi. An yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka, in wutar ta faɗi ƙasa sosai ba ta jurewa. Muka ce, "Yaya, a taimaka mana da sitabilaiza." Ya ce mu kawo rabi ya cika rabi.

Wasu dabaru biyu sun rage mana wahala. In ta ƙame, ku danna Caps Lock: in ɗan hasken kibod ya kama ya ɗauke, kwamfutar na raye, manhaja ɗaya ce ta maƙale, sai ku danna Ctrl da Shift da Esc tare ku rufe ta. Na biyu, ku yi hattara da filash ɗin da ya zaga gari ana tura finafinai, domin ta nan ƙwayar cuta ke shiga ta ɓoye fayiloli ta kuma nauyaya aiki.

Abu ɗaya ne ba ma buɗewa, wato fawa-fak, ƙaramin akwatin da wayar wuta ke shiga. Yana riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare shi daga soket. In kun ji tsar-tsar daga cikinsa ko ƙaurin roba, ku kashe daga bango ku bar shi, wannan aikin mai gyara ne.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu ko za mu kai ta Katsina, muna zuwa da bayani a rubuce, mai gyara ba ya lalube, mu ma ba a sayar mana da abin da ba ma buƙata. Daga baya rumbun ajiyar ya fara ƙas-ƙas ɗin nan, a daren muka kwashe tambayoyinmu, bayan kwana tara ya daina tashi. Uku daga cikinmu sun zauna JAMB da hannun da ya saba da linzami.

'Yan uwa ɗalibai, in akwai kwamfuta a makarantarku ko a shagon unguwa, ku nemi izinin malami ko mai shagon, ku ajiye littafi a gefenta. Ku saurari muryarta tun tana lafiya, domin sai wanda ya san wannan muryar zai gane ranar da ta sauya. Kuma hunturu na wucewa, kafin zafin bazara ya kankama, ku tuna da buroshi.