Ta'aziyyar Da Na Je A Fadamar Haɗejiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A daminar shekarar 2022, wadda ambaliya ta yi wa Jihar Jigawa mummunar ɓarna, labari ya iske ni a Kano cewa wani abokin karatuna ya riga mu gidan gaskiya a wani ƙauye na ƙasar Guri. Na ɗauki gafakata na kama hanya. Daga Kano zuwa Haɗejiya ban sha wata wahala ba. Amma da na sauka daga kan kwalta sai tafiya ta koma ta zamanin kakanni: na hau babur har ya kafe, na shiga kwalekwale, daga bisani na tuɓe takalma na naɗe wando na ratsa taɓo. Ban isa ba sai ran sadakar uku. Aka shaida mini waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba, alhali almajiransa na nan birjik a ƙauyukan da ake hango rimayensu. Ruwa ne ya tsare su.

Ya kai mai karatu, ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗejiya, shi kuma idan ya wuce gari sai ya rarrabu ya bazu cikin fadama har Nguru. Nan ne arzikin shinkafa da kifi da alkamar rani yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba. Sai kacala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa bin inda ya ga dama, ko gona ce ko turba.

Alhazai 'yan kasuwa sun fi ni sanin lissafin. Manomin da mota ba ta zuwa ƙofarsa ba shi da ta cewa a ciniki, abin da ɗan sari ya taya shi ne kuɗi. Gishiri da sabulu kuwa su iso masa da tsada. Ku dubi Malam Madori, yadda ta zama gari bayan jirgin ƙasa ya ratsa ta zuwa Nguru a 1930.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba na kasuwa ba ne. Wani dattijo ya ce mini ya hana wani yaron kirki 'yarsa, ba don aibu ba, sai don garinsu na hayin ruwa, kuma uwar yarinya ba za ta iya kai mata ɗauki ba ran da haihuwa ta zo da gardama. Ban iya ganin laifinsa ba. Wanda ya taɓa ganin mace kan naƙuda kwance a amalanke, shanu na jan ta cikin laka da dare, ya san inda wasu daga cikin masu yoyon fitsarin da ake yi wa aiki a asibitin Jahun suka samo ciwonsu. Malamin makaranta ma, in an turo shi nan, ba ya kawo iyalinsa, ranar Alhamis hankalinsa ya riga ya tafi birni. Ma'aikatan da ke raba aikin hanya daga Dutse, don Allah ku riƙa zuwa dubawa a watan Satumba, ba a watan Maris ba.

A daren da na kwana can liman ya haɗa mana Magariba da Isha'i, bisa sauƙin da Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambata saboda taɓo da duhu. Na karantar da wannan babi shekara da shekaru a kan buzu, ban taɓa aiki da shi a kan taɓo irin wannan ba. Da gari ya waye babban ɗan mamacin ya raka ni bakin ruwa da ƙullin busasshen kifi, muka zauna jiran mai fito har hantsi ya dubi ludayi.