Tukunyar Dodo: ja-in-jar da muka sha kan abincin daren tashe



Maganar ta taso ne a ƙarshen Oktoba, da iyaye uku suka kawo mana kuka iri ɗaya cikin mako guda. Yaransu da ke makarantun kuɗi sun dawo da takarda, wai a saya musu kayan dodanni za a yi bikin Halowin. Ga wanda bai sani ba, biki ne na daren 31 ga Oktoba. Asalinsa ƙasashen Ailan da Sukotlan, 'yan ci-rani suka tafi da shi Amurka a ƙarni na 19. Yara su yi shigar fatalwa, su bi gida-gida ana ba su alewa, a fafe kabewa a kunna kyandir a ciki. Da muka karanto wannan a zaman kwamiti sai Baba Ma'aji ya tuntsire da dariya, ya ce, "To ai tashe ke nan, sai dai nasu babu azumi."

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Mun tare yaran da ke wasa a ƙofar ofis muka tambaye su wane ne Jatau mai magani, suka yi ta kallon juna. Sun san egungun, sun san ranar da Oloolu ke fitowa mata su kulle ƙofa, sun san Halowin daga waya. Tsoho da gemu, Mairama da Daudu, kamun gwauro da Nalako ke yi a Kano, ko labari ba su ji ba. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, kakanninmu fataken goro da dillalan shanu suka riƙe harshe da al'ada a tsakiyar Badun, ga shi a hannunmu abin yana zubewa.

Sai muka tsayar da shawara: daren 15 ga azumi mai zuwa, bayan an sauko daga asham, za a yi wa yara daren tashe a cikin farfajiya mai katanga. Babu bin titi. A Kano ma 'yan sanda sun sha hana tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba, balle mu da ke garin mutane. Yaro ya shafa gawayi a fuska ya ɓulla Mokola da tsakar dare, Allah kaɗai ya san abin da za a ɗauke shi.

Kayan sawa ba su ba mu wahala ba, auduga ce da tsumma da gawayi. Abinci ne ya kusa raba kwamitin biyu.

Ɗaya daga cikin 'yan matanmu, mai karatun girki, ta zo da hotuna a waya. Ga cincin mai siffar yatsun mutum da gyaɗa a wurin farce, ga tuwon madara an mulmula kamar ƙwayar ido, ga biredi an yanka kamar kabari, zoɓo kuma a rubuta masa "jini". Gaskiya da farko mun karkata gare ta. Abin ya yi kyau a hoto, kuma mun san irin sa yaran ke kwaɗayi.

Hajiya Babba, wadda ke riƙe da girkin duk wani taronmu, ta karɓi wayar ta daɗe tana dubawa. Yarinyar ta ce, "Hajiya, wasa ne fa." Hajiya ta mayar mata da wayar ta ce, "'Yar nan, hannun da nake tuƙa tuwo da shi, da shi nake wa mata wankan gawa a unguwar nan. Ba zan yi wa yaro kabari ya ci ba. Kuma cikin yaran da za ku tara akwai waɗanda aka gudo da su daga Sasa, sun ga jinin gaske." Tana nufin rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021. Ɗakin ya yi tsit. Mu da muke rubuta sunayen yaran a littafi, wannan bai faɗo mana a rai ba.

Malam da muka tuntuɓa bai hana wasan ba. Abu biyu ya ja mana kunne a kai: kada a kira halal da sunan haram ko da wasa, kada kuma a wulaƙanta abinci. Wannan ya kashe maganar jini, ya kuma kashe fafe kabewa a zubar. Kabewar da za ta yi miyan taushe ta ciyar da gida guda, ina dalili?

Wani zai ce shi ke nan, a dafa shinkafa a huta. Sai dai yarinyar tana da gaskiyarta: idan daren bai ɗan tayar wa yara da tsikar jiki ba, badi za su koma wa na makaranta. Ita da Hajiya suka keɓe, bayan mako suka dawo da tsarin da ya fi na wayar. Ashe abin tsoro yana nan jibge a kicin ɗinmu da tatsuniyoyinmu, sabo ne ya hana mu gani.

Hanjin ligidi ba ya buƙatar sabon suna. Langaɓu da kan rago sukutum, haƙora a waje, za a ajiye shi a tsakiya a ce ragowar Kura ne. Alkaki ya zama yanar Gizo, kuma a nan za a fara gaya wa yaran cewa Gizo mijin Ƙoƙi ya riga intanet mallakar wannan suna. Za a murza cincin dogo a naɗe shi a faranti, macijin rijiyar Kusugu ke nan da Bayajida ya kashe a Daura. Babbar tukunya kuwa, tukunyar Dodo, ɗan wake ne baƙi wuluk da kuka, a rufe, a kusurwar da fitila ba ta kaiwa. Sai yaro ya amsa kacici-kacici kafin a zuba masa. Iya mai abinci ta bakin layi ta ji labari ta ce amalarta ma baƙa ce, kuma jikokinta za su zo. Mun ce bismilla. Zoɓo zai tsaya a zoɓonsa.

Saura fara. Matasa suna so a soya ta da yaji, su ga idon yaran da aka haifa a nan da ba su taɓa ganin ana cin ta ba. Baba Ma'aji ya ce kuɗin da ke asusu ba zai kai ba sai an samu direban da zai taho mana da buhu daga Arewa a sauƙaƙe. Mai hanya ya yi wa sakatariya magana.

Muna kuma neman kakanni mata huɗu ko biyar da har yanzu suke riƙe da tatsuniyar Dodo daga farko har ƙurungus, don kowane faranti sai da mai ba da labarinsa. Zuwa yanzu biyu muka samu, ɗaya kuma ta ce sai an yi mata alkawarin kujera mai jingina.

Allah ya kai mu watan da rai da lafiya.